Yadda Na Raka Hamisu Mai Suya Jana'izar Mahaifinsa

Idan ana lissafin gandirobobin da fursuna bai taɓa kuɓuce musu ba a duk faɗin Yawunde, a fara da ni, Sale na Birik, a kuma rufe da ni. Ba yabon kai ba ne. Ni ne mutumin da idan na tsaya a ƙofar kurkuku, ko ƙuda sai ya nuna mini takarda kafin ya fita. Ku sababbin ɗauka kun matsa mini in rubuta muku wani abu daga cikin abin da na gani a wannan aiki. To, akwai wata rana da har gobe ba ta bar raina ba, kuma gara ku ji labarinta daga wurina, domin masu ba da shi a wajen shan shayi suna zuba masa gishiri. Ni kuwa kun san ni, ba na ƙari.

Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. Ina ƙaramin gardiyan, wato gandiroba marar igiya ko ɗaya a kafaɗa. Sama da ni akwai gardiyan-shef, mai raba mana aiki kowace safiya. Sama da shi kuma akwai rijisa, shugaban gidan gaba ɗaya, wanda 'yan'uwanmu na Nijeriya za su kira yari. Aikin namu duk ya rataya ne a kan abu guda, apel, wato ƙidayar fursunoni safe da yamma. Yawan kan da aka buɗe da shi da safe, da shi za a rufe da yamma. Idan mutum ɗaya ya ɓace ta sakacin gardiyan, ba a tsayawa dogon Faransanci. A karɓe maka hula, a kwance maka ɗamara, a nuna maka shimfiɗar wanda ya gudu. Shi ya sa muke cewa tabarmar fursuna ba ta kwana ita kaɗai.

A cikin mutanen da muke tsare da su akwai Hamisu, ɗan unguwarmu ta Briqueterie, wadda muke taƙaitawa mu ce Birik. Mai suya ne, ɗan mai suya, jikan mai suya. Abin da ya kawo shi faɗa ne a kasuwar Mokolo, wani ya zagi mahaifinsa a kan cinikin nama, shi kuma ya amsa masa da ƙafar saniya. Alƙali ya ba shi shekara, ya ci mafi yawanta, saura 'yan watanni. Da yake ya iya wuƙa da wuta, sai aka sa shi a kicin, kuma tun da ya shiga wake ya daina kama da tsakuwa. A cikin kurkuku yana ce mini Shef kamar kowa. Amma na girme shi da kaɗan, a lungu ɗaya muka yi wasan ƙasa.

Wata safiya ta damina dattawan unguwa suka aiko cewa mahaifin Hamisu ya rasu da asuba, suna roƙon a bar shi ya zo jana'iza. Doka ta ba rijisa ikon yin haka idan fursuna mai ladabi ne, amma da rakiyar gardiyan. Rijisanmu na lokacin mutumin kudu ne, gajere, mai tabarau, ba ya ɗaga murya, kuma wannan rashin ɗaga muryar shi ne abin tsoron. Ya saurara, ya nuna alhini, ya ce babu laifi, a shirya fitar ranar Asabar mai zuwa. Shi a wajensu ana ajiye gawa har dangi su taru daga ƙauyuka. Ni da aka kira in yi tafinta na ce masa, Shef, a wajenmu wanda ya rasu da asuba, kafin la'asar har ya saba da maƙwabtansa na maƙabarta. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce to yau ke nan. Ya tambaya wa ya san unguwar.

Bai rufe baki ba na taka gaba na sara masa. Na ce a can aka yanke mini cibiya, babu lungun da ban sani ba, ɓerayen Birik ma da suna suke gaishe ni.

Ya ce, "Ankwa ɗaya a hannunsa, ɗaya a naka. Kafin ƙararrawar apel na yamma ina son ganinku ku biyu."

Motar ɗauko itacen kicin ta rage mana hanya zuwa Mokolo, muka sauka muka taka, hannuna na hagu ɗaure da nasa na dama. Sai da muka iso bakin unguwa, inda hayaƙin masu suya yake fara tarar mutum, ya ja ya tsaya cak kamar jakin da ya ga gada. Ya dubi jikinsa, gajeren wando da tsohuwar singiletin kicin duk baƙin tukunya, ya ɗaga hannun da ke da ankwa, nawa ya bi shi sama.

"Yaya Sale," in ji shi, "haka zan shiga gaban Inna?"

Ku lura, bai ce Shef ba. Da Shef ya ce, da na san amsar da zan ba shi.

Muka ratsa ta bayan layi zuwa gidana. Ban fi 'yan watanni da aure ba lokacin, farar rigar angoncina tana nan a akwati da ƙamshin turarenta. Na ce wa amaryata Hadiza ta miƙo ta da hula. Nan muka gano abin da masu rubuta doka ba su yi tunaninsa ba: babbar riga ba ta shiga jikin mutumin da yake ɗaure da wani mutum. Na buɗe ankwa don ya sa. Da ya sa kuwa, sai ga Hamisu ya koma kamar mai shirin hawa jirgin Makka. Na ɗauko ankwar zan mayar, sai na tuna za a yi sallar gawa, za a ɗauki makara, kuma ɗa ne zai shiga kabari ya karɓi mahaifinsa. Idan muna ɗaure, ke nan ni ma sai na shiga ramin, da kakina da komai. Na jefa ankwa a aljihu, na ce ai wannan ƙarfe an yi shi ne don gardiyan mai raunin ido.

Aka yi salla a ƙofar gidan, layin ya cika maƙil, domin marigayin mutumin mutane ne. Mahauta sun zo daga Mokolo, 'yan goro daga Ekudu, har da mutanen unguwannin Madagaskar da Messa. Na tsaya a sahun da ke bayan Hamisu daidai ƙeyarsa, ni kaɗai mai kaki a cikin fararen riguna, kamar ƙuda a ƙwaryar nono. Liman ya sallame, aka ɗaga makara, Hamisu ya sa kafaɗa a gaba. Kun san yadda muke tafiya da gawa, ba gudu ba ne, amma uwarsu ɗaya da gudu. Na ɗaga ƙafa zan bi, sai na ji murya daga gefe.

"Wancan ba Salihu ba ne?"

Mutum ɗaya ne a duniya yake kirana Salihu. Alhaji ne, mahaifin Hadiza, babban ɗan kasuwar goro, wanda ko yanzu da nake rubutun nan ba zan iya sa sunansa a takarda ba. Yana zaune a kan buzu a inuwar zauren gidan makokin, ciwon gwiwa ya hana shi bin gawa.

Saboda abokan aikinmu na kudu da za su karanta wannan, bari in yi bayani. Bahaushe ba ya tsayawa a gaban surukinsa da takalmi a ƙafa. Zai tuɓe tun daga nesa, ya durƙusa, ya kafa ido a ƙasa, kuma ba ya tashi sai an sallame shi. Sabon ango kuwa, nasa ya ninka. Mai silifa wannan ba komai ba ne a wurinsa, ya zame ƙafa kawai. Ni kuma ina sanye da takalmin gwamnati, irin na soja, mai igiya har ƙwauri, igiyar ta sha jar lakar Yawunde ta kumbura. Wanda ya ƙirƙiro wannan takalmi, na rantse ba shi da suruki. Na durƙusa ina fama da ƙulli, ina ja yana ƙara ɗaurewa, sai da na sa haƙori.

Aka fara gaisuwa. Ya haƙuri, ya aiki, ya ruwa, ya mutanen gida. Ina amsawa da lafiya lau, Baba, idona a ƙasa, kunnena yana bin sawun jama'a yana raguwa. Daga nan ya yaba mini. Ya ce ya ga yadda na kawo yaron nan cikin sutura, babu ƙarfe a hannunsa, na rufa wa gidan asiri, na yi halin 'ya'yan manya. To ku gaya mini, bayan wannan yabo, da wane baki zan ce masa, Baba, yi mini izini, ɗan mamacin fursuna ne kuma ga shi can yana shan kwana? Na ce na gode, Baba. Sai ya shiga ba ni tarihin marigayin, yadda suka taso tare daga arewa suna samari, yadda suka biyo shanu a ƙasa, kogin da suka haye, garin da zazzaɓi ya kwantar da su. Ina jin sai da muka yada zango a kowane ƙauye tsakanin Garwa da Yawunde. Ina cewa haka ne, Baba, Allahu akbar, Baba, gumi yana bin bayana.

Da muka iso Yawunde lafiya, ya ce, "Tashi ka bi su, kada ladan rakiya ya wuce ka."

Na ja da baya a durƙushe, na koma wa takalmi. Ɗaurawa ta fi kwancewa daɗewa. Kafin in miƙe, layin ya zama wayam, sai mata masu shiga da fita da ƙore.

Na zuba da gudu. Wanda bai taɓa hawan tuddan garin nan da takalmin soja ba, bai san dalilin da ya sa ake ba mu fansho ba. Na isa maƙabarta an riga an mayar da ƙasa, ana shafa fatiha. A daidai nan sama ta ɓalle da irin ruwan nan da ba ya sallama. Jama'a suka watse ta ko'ina, kowa ya naɗe riga a ka. Da safe na ɗauka rigar angoncina babu irinta a ƙasar nan. Ashe duk namijin Birik yana da irinta, kuma duk sun sa a ranar. Na hango wani mai tsawon Hamisu yana sauri, na bi shi, na cafke shi ta baya na ce ina za ka. Ya juyo, ashe ladanin masallacinmu ne. Ya ce gida za shi, in babu laifi.

Na tari wani mahauci na tambaye shi. Ya ce ai yanzun nan ya ga Hamisu yana zagayawa yana tambayar ina gardiyan ɗinsa. A saninmu na aiki, dalili ɗaya ne yake sa fursuna ya tambayi inda mai tsaronsa yake, don ya san wace hanya ce babu kowa.

A wajen horo an koya mana cewa fursunan da ya gudu tasha yake nufa kafin labari ya bazu. Ni kuwa ɗalibi ne mai riƙe darasi. Na nufi tashar motocin arewa. Babu motar da ban leƙa ba, babu tamfol ɗin da ban ɗaga ba. Na ga awaki, na ga buhunan goro, na ga wata tsohuwa da ta kai mini duka da mafici. 'Yan kamasho suka taru suna bina a baya, wani yana cewa Shef, in kai ne za ka gudu, akwai wuri a gaba kusa da direba. Daga nan na gangara tashar jirgin ƙasa, na bi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya har wani ɗan sanda ya fara bina da ido.

Za ku ce me ya hana ni komawa gidan makokin. Ya faɗo mini a rai, ba sau ɗaya ba. Amma na ce wane mahaukacin mai gudu ne zai je ya zauna a inda kowa ya san shi. Sannan kuma Alhaji yana nan a kan buzunsa a bakin ƙofa. In koma in sake kwance takalmi, in durƙusa, ya tambaye ni ina amanar da aka ba ni? Na ce gara kurkuku.

Da rana ta karkata na san ta ƙare. Na biya gida a jiƙe sharkaf. Hadiza ta ce Baba ya aiko nemana har sau biyu. Na ce shi ke nan, labari ya kai masa, ban ma tsaya jin saƙon ba. Na ce ta naɗe mini sabuwar tabarma da bargo da kwano, domin na san tabarmar Hamisu, kuɗin cizon da ke cikinta sun isa a yi musu nasu apel. Ta tambaya ina za ni, na ce aikin kwana. Ta ce tun yaushe ake aikin kwana da kwano. Na tsaya a tsakar gida na yi mata jawabi mai ratsa zuciya a kan haƙuri da ƙaddara da yadda ake kawo wa mutum abinci ranar ziyara. Ta ce in dai rigar ce ta ɓata, in faɗa mata gaskiya.

Na kama hanya da tabarma a hammata, ina shirya abin da zan faɗa da Faransanci mai kyau, domin ko faɗuwa mutum zai yi, ya faɗi da nahawu. Ina shawo kwanar ƙarshe sai na ji hayaniya a babbar ƙofa. Mai gadin ƙofar a ranar Mbarga ne, sabon zuwa, da rana ya karɓi aiki, bai san fuskokin mutanenmu ba. Yana tsaye ya gicciya bindiga, yana daka wa wani mai farar riga tsawa, yana kiransa Alhaji saboda rigar, wai ziyara sai Lahadi, ya tafi gida. Mai farar rigar kuma, da ƙullin abinci a hannu, yana rantsuwa da Faransancin kasuwa da Turancin buroka cewa shi a nan yake kwana, a buɗe masa kafin a kaɗa ƙararrawa. Mbarga yana cewa tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin mai irin wannan riga yana roƙon a ɗaure shi ba.

Rigata ce. Gindinta ya yi ja wur da laka, amma rigata ce.

Daga baya na ji yadda aka yi. Hamisu ya neme ni a maƙabarta har ruwa ya yi masa duka, da bai gan ni ba ya koma inda duk ɗan da ya binne mahaifinsa yake komawa, ƙofar gidansu. Ya zauna yana karɓar gaisuwa, kafaɗa da kafaɗa da Alhaji. Aiken da aka yi ta yi gidana ke nan, a ce in zo ga mutumina. Da yamma ta yi ban zo ba, Alhaji ya ce masa ya tashi ya kai kansa, kada Salihu ya shiga uku. Innarsa ta ƙulla masa abinci, ya tako da ƙafa tun daga Birik.

A lokacin ban san wannan ba, kuma ban damu in sani ba. Na lallaɓa ta bayansa, na zaro ankwa a hankali, niyyata in maƙala mana mu shiga kamar tare muka zo. Har na kama hannunsa, sai na ga lema a bayan ƙarafan ƙofa, a ƙarƙashinta kuma tabarau. Hayaniyar ta riga ta fito da rijisa daga ofis, kuma Hamisu ya riga ya kai masa rahoto cewa gardiyan ɗinsa ya ɓata tun wajen azahar, a taimaka a nemo shi.

Hamisu ya juyo ya gan ni, fuskarsa ta washe.

"Alhamdu lillahi, Shef, ga shi an gan shi," ya ce wa rijisa. Sannan ya dube ni. "Yaya Sale, ina ka shiga? Duk hankalinmu ya tashi."

Rijisa ya dubi agogo. Ba a kaɗa ƙararrawa ba tukuna. Ya dube ni daga hula har takalmi, idonsa ya tsaya a kan tabarma da bargo, ya tambaya na mene ne. A nan ne za ku san bambancin gogaggen ma'aikaci da ɗan koyo. Ban ko ƙifta ido ba na ce al'adarmu ce, Shef, idan aka yi wa mutum rasuwa ana yi masa kyautar shimfiɗa. Ya ce al'ada mai kyau, in miƙa masa. Haka ina ji ina gani sabuwar tabarmata da bargon aurena suka shige ciki a hammatar Hamisu, har da kwanon.

Aka yi apel, kai ya cika cif. Ba a rubuta gudu ba, domin babu wanda ya gudu. Ni dai an ba ni 'yan kwanaki a kan hasumiyar gadi, inda rijisa ya ce iska za ta taimaka mini in yi tunani a kan amfanin ankwa. Hamisu ya ƙarasa watanninsa ya fita, yau yana da teburin suya biyu a Birik, kuma ban taɓa wucewa ya bar ni na biya ba.

Abin da nake so ku ɗauka, ku yara, shi ne wannan. Ankwa wuyan hannu kaɗai take riƙewa. Abin da ya tako da Hamisu ya hau tuddan nan ya dawo da ƙafarsa, uwa ce da unguwa da dattawan da zai haɗa ido da su gobe. Idan aka ba ku mutum, kada ku tsaya a kan laifin da ya kawo shi, ku san wa yake da shi a waje. Wani ko an ɗaure shi da sarƙar jirgi zai tafi, wani ko an kore shi zai dawo. Ranar da kuka neme shi kuka rasa, ku fara tambayar kanku ina mutum irinsa zai je, kafin ku tambayi abin da aka koya muku a aji. Wanda kuma yake da suruki a unguwar da aka aike shi, ya sassauta igiyar takalmi tun daga gida.

Ni dai har yau takardata fes take, kowa yana iya zuwa ya duba. Abu ɗaya ne kawai nake jin rijisa bai kyauta mini ba. Ranar da na sauko daga hasumiya, muna jere da safe gardiyan-shef yana raba aiki, ya kira sunana ya ce ni zan fita da masu sharar titi. Rijisa yana wucewa da lemarsa, ya tsaya, ya yi magana a hankali yadda ya saba, amma har na ƙarshen layi ya ji.

"Babu laifi, ya je. Amma a haɗa shi da fursuna mai hankali, wanda zai dawo mana da shi."